Yawon Gonakin Inabi A Ƙasashen Waje: Noma Ake Kallo Ko Giya Ake Talla?

Mutum ya je taro Cape Town ko Faris, ya dawo da hotuna yana tsaye tsakiyar gonar inabi, a wani hoton kuma ga shi zaune gaban teburin da aka jera wa dogayen kofunan gilashi. Gona ya je kallo, ko mashaya ya shiga aka sauya mata suna? Wannan gardama ba ta daɗewa a kwance a Kaduna ba tare da wani ya tashe ta ba. Yau ma'aikacin da ofishinsa ya tura horo ne, gobe ɗalibar da ke karatu a Italiya, jibi ango da amarya da suka sayi tafiyar hutu daga kamfanin shirya tafiye-tafiye. Da hoton ya faɗo zauren WhatsApp na dangi ko na tsofaffin ɗalibai sai a rabu gida biyu: masu cewa wane ya je Turai ya ɓata, da masu cewa ku dai kun cika sa ido, gona ce kamar kowace gona.

Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Abin da ake sayar wa matafiyi da sunan yawon yankin inabi ba abu ɗaya ba ne. Wurare uku ne ko huɗu aka ɗaure a tikiti guda, kuma hukuncinsu da amfaninsu ba ɗaya ba ne. Wanda bai san haka tun yana gida ba, a cikin mota zai sani, lokacin da sauka ta yi wuya.

Mene ne yankin inabi?

A ƙasashen da giyar inabi ta zama babbar sana'a akwai yankunan da doka ta shata wa iyaka, ta ce giyar da aka yi da inabin wannan ƙasa kaɗai ce za ta amsa wannan suna. Fotugal ta shata kwarin kogin Douro tun 1756. Faransa ta kafa nata tsarin kare sunayen yankuna a 1935, shi ya sa abin da aka yi a wajen yankin Champagne ba shi da ikon amsa sunan shamfen a kasuwar Turai, ko da kuwa ɗanɗanonsu ɗaya. Bordeaux da Burgundy a Faransa, Tuscany da Piedmont a Italiya, Rioja a Sifaniya, kwarin Napa a jihar Kalifoniya ta Amurka, Mendoza a Ajantina, sai Stellenbosch da Paarl da Franschhoek a Afirka ta Kudu, duk irin waɗannan yankuna ne.

Wuraren suna da kyawun gani, wannan babu musu, kuma akwai dalili. Inabin giya ba ya son ƙasa mai yawan taki ko mai riƙe ruwa, ya fi son gangaren tudu mai tsakuwa inda rana ke dukansa. Saboda haka gonakin suke kan tsaunuka da bakin koguna, an yanka su hawa-hawa, ga tsofaffin gidajen dutse a tsakani. Hukumar UNESCO ta sanya da dama daga cikinsu a jerin kayan tarihi na duniya: Saint-Émilion a 1999, Douro a 2001, Champagne da Burgundy a 2015. Mutum na iya ratsa waɗannan garuruwa a mota ko jirgin ƙasa, ya ci abinci, ya kwana, bai taɓa kwalba ba.

Amma gidan gonar da ake kai baƙi ya ƙunshi sassa. Akwai gonar kanta. Akwai masana'antar da ake matse inabin a tsima shi cikin tankuna da gangunan katako, galibi a ƙarƙashin ƙasa saboda sanyi. Akwai ɗakin ɗanɗano. Akwai kanti a bakin ƙofar fita. Manyan cikinsu sun ƙara da gidan abinci da masauki. Tikitin da ɗan rakiya ke riƙe da shi ya haɗa su duka.

A ina inabi ke zama giya?

Ɗanyen inabi ɗan itace ne kamar lemo. Idan aka matse shi, ruwa ne mai zaƙi, babu maye a ciki. Sai dai a jikin ɓawonsa akwai ƙwayoyin yis, 'yan'uwan wanda ake sa wa burodi da fanke. Idan aka bar ruwan ya kwana biyu, yis ɗin zai fara cin sukarin yana mayar da shi barasa da iskar gas. Louis Pasteur na Faransa ne ya tabbatar, wajen tsakiyar ƙarni na 19, cewa ƙwayoyi masu rai ne ke wannan aiki. Duk wanda ya san bammi ya san labarin: da safe zaƙi, kafin yamma ya fara bugarwa, alhali ba wanda ya ƙara masa komai.

Giyar inabi takan ɗauki barasa kashi 11 zuwa 15 cikin 100, wato ta ninka giyar kwalba da aka saba gani a Najeriya fiye da sau biyu, don ita wajen kashi 5 take. Wadda ake ƙara wa ƙarfi, irin ta Douro, tana kaiwa kashi 20. Idan kuma aka bar giyar a buɗe iska na shiga, wasu ƙwayoyin dabam za su mayar da barasar tsami, ta zama khal, wato binega. Abu uku ke nan daga 'ya'yan itace guda, kuma a Hausa sau da yawa na farko da na biyu duk "ruwan inabi" ake ce musu, a labarai da fassarori. Wani ɓangare na ruɗanin daga nan yake.

Shi kansa inabin iri biyu ne. Na giya ƙanana ne, ɓawo mai kauri, ga ƙwallaye a ciki, ga sukari da yawa. Na ci, wanda ake sayarwa cikin roba a bakin titin Ahmadu Bello, manya ne masu taushin ɓawo. Gonakinsu dabam, horonsu dabam, kasuwarsu dabam. Wannan bambanci zai yi amfani a gaba.

Me ya sa suke neman baƙi ido rufe?

Kasuwar ce ta yi sanyi. Hukumar inabi da giya ta duniya, wadda hedkwatarta ke Dijon a Faransa, ta ce abin da aka sha a 2024 shi ne mafi ƙaranci tun 1961. Matasan Turai ba sa shan giyar inabi kamar iyayensu. Abin ya kai a 2023 gwamnatin Faransa ta fara biyan manoman Bordeaux kuɗi don su tumɓuke dubban hekta na inabi. Mai gidan gonar da ya sayar wa dillali kwalba, riba kaɗan yake gani. Idan baƙo ya zo har gida, ya biya kuɗin shiga, ya ci abinci, ya sayi katan a farashin kanti, duk ribar tasa ce.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Manoman Stellenbosch sun buɗe "hanyar giya" tasu tun 1971, wato jerin gidajen gona da baƙo zai bi ɗaya bayan ɗaya. Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taronta na farko kan wannan harka a 2016 a ƙasar Jojiya, inda aka gano alamun yin giyar inabi na kimanin shekara 8,000.

Shi ya sa abin ke shiga jadawalin taro ba tare da an tambayi kowa ba. Stellenbosch kilomita 50 ce kawai daga Cape Town, ga mota, ga abinci, ga wurin ɗaukar hoto, ga sauƙin shiryawa. Bature ko ɗan Afirka ta Kudun da ya tsara ranar hutun taro ya kai baƙinsa can, a ganinsa karramawa ya yi, ya nuna musu abin da ƙasarsa ke alfahari da shi. Masu cewa makirci ne aka ƙulla don lalata addinin baƙi sun yi nisa. Amma masu cewa ilimin noma ake bayarwa su ma ba su faɗi daidai ba. Talla ce, kuma abin da ake tallatawa giya ce.

Yadda ranar take tafiya

Mota takan ɗauki mutane daga otal da safe, a ziyarci gidajen gona uku ko huɗu kafin magariba. A Franschhoek har da ɗan jirgin ƙasa mai zagayawa tsakaninsu. A kowane gida za a yi ɗan gajeren zagaye a bakin gona, a leƙa ɗakin ganguna, sannan a zauna. Zaman nan shi ne ainihin ziyarar, shi ke cin mafi yawan lokaci. Za a jera kofuna huɗu zuwa shida gaban kowa, ma'aikaci yana zubawa kaɗan-kaɗan yana bayanin ƙamshi da shekarar girbi. Sau da yawa akan haɗa da cuku, cakulan da busasshen nama, wanda a Italiya da Sifaniya da Faransa galibi na alade ne.

Daga nan ne maganar "ai ba a haɗiyewa, tofarwa ake yi" ta samo asali. Gaskiya ne akan ajiye ɗan bokitin tofi a kan teburi, kuma ƙwararrun da aikinsu ke nan sukan tofar, don suna ɗanɗana iri da yawa a yini. Amma 'yan yawon buɗe ido haɗiyewa suke yi, kuma ko wanda ya tofar, wani abu yana ratsa fatar baki. Lissafin ma ba shi da wuya. Idan kowane zubi mililita 40 ne, aka yi biyar a gida huɗu, an sha mililita 800, alhali kwalba guda 750 ce. "Ɗanɗano" ya zama kwalba. Shi ya sa kamfanonin ke kawo direbansu. A Faransa doka ta hana tuƙi idan barasa ta kai giram 0.5 a litar jini, Afirka ta Kudu ma wannan ce iyakarta, kuma baƙon da aka kama, bizarsa ta gaba ma tana cikin haɗari. Shekarun sayen giya 18 ne a ƙasashen biyu, 21 a Amurka.

Wanda bai sha ba ma da sauran abin lura a teburin abinci. Girke-girken waɗannan yankuna da dama da giya ake yin su: naman sa da kazar Burgundy, shinkafar Italiya mai romo, har da wasu kayan zaƙi. Akan ce wuta na ƙone barasar duka. Binciken da aka yi wa ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna ba haka ba ne. Abincin da aka kunna wa wuta a kasko yakan riƙe kusan kashi 75 cikin 100 na barasar, wanda ya dahu awa biyu da rabi kuwa yakan rage kashi 5.

Akwai kuma maganar da masu zubawa ke son yi, wai jar giya na gyara zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili a Janairun 2023 ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa, kuma cibiyarta ta binciken cutar daji ta sanya barasa a rukunin farko na masu haddasa cutar tun 1988. Sinadarin da ake yaba wa jar giya a ɓawon inabi yake, wanda ya ci ɗanyen ya samu.

Inda malamai suka tsaya

Haramcin shan giya ba wurin saɓani ba ne a Musulunci. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun rufe ƙofar, hadisi kuma ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Wannan ya gama da batun kurɓi ɗaya.

Abin da matafiya suka fi mantawa shi ne hanin bai tsaya kan mai sha ba. Hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya, ciki har da mai matsa ta, mai ɗaukarta, wanda aka kai wa, mai zubawa, mai sayarwa, mai saye da wanda aka saya wa. Saboda haka Musulmin da bai sha ba amma ya tsaya kanti ya sayo kwalba tsaraba ga maigidansa na ofis ko maƙwabcinsa wanda ba Musulmi ba, yana ganin ya yi zumunci, ya faɗa cikin lissafin. Wani hadisin kuma ya hana wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Malamai sukan yi uzuri ga wanda ba shi da zaɓi, kamar fasinjan jirgi da na kusa da shi ke sha. Amma da wuya a kira zaman da mutum ya biya kuɗinsa ya je da ƙafarsa lalura.

Inda maganar ke da faɗi shi ne gonar da garuruwan. Alƙur'ani ya ambaci inabi cikin ni'imomin Allah a wurare da dama, a Suratul An'am da Nahli da Abasa. Masu sauƙaƙawa suna cewa itacen halal ne, kallon ƙasa da tsarin noma ba laifi ba ne, in ba haka ba sai a hana ratsa rabin kudancin Turai. Masu tsanantawa suna kallon inda kuɗin tikitin ke zuwa, suna kafa hujja da aya ta 2 a Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan zunubi, da kuma ƙa'idar toshe hanyar ɓarna wadda malaman Malikiyya suka yi fice da ita. A fahimtata, ratsa yankin ko kwana a garin abu ne dabam, sayen tikitin da aka gina kacokan kan ɗanɗano kuma abu ne dabam, kuma yawancin tikitocin irin na biyun ne.

Batun hoton ma yana da asali. Lokacin da wasu sahabbai biyu suka ga Annabi (SAW) da daddare tare da wata mata suka ƙara sauri, ya tsayar da su ya sanar da su cewa matarsa Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani zato. Malamai sun ɗauko daga nan cewa mutum ya nisanci abin da zai sa a tuhume shi. Masu yaɗa hoton kuma, aya ta 12 a Suratul Hujurat da ta hana yawan zato da bin diddigi tana jiran su. Hoto ba ya nuna abin da ke cikin kofi.

Kuskure ne kuma a ɗauka Musulmi ne kaɗai abin ya dama. A cocin Katolika da giyar inabi ta ainihi ake yin jibin Ubangiji, dokar cocin ce ta ce haka. Amma ECWA da Baptist da coci-cocin Pentikostal da dama sun yi fice wajen hana mabiyansu shan barasa, kuma ruwan da bai tsimu ba suke amfani da shi. Shi kansa ruwan inabin kwalba da ba ya tsima, wani Ba'amurke ɗan cocin Methodist mai suna Thomas Welch ne ya fito da shi a 1869 saboda wannan dalili. Dattijon coci daga Kafanchan ko Sabon Tasha yana iya samun kansa cikin irin tsaka-mai-wuyar da Alhajin Tudun Wada ya shiga, a mota ɗaya.

Kwalbar da aka ce ba ta da giya

Gidajen gona da yawa yanzu sun tanadi abin ba wanda ba ya sha, amma iri biyu ne kuma kwalabensu kama ɗaya. Na farko ruwan inabi ne da aka dafa aka sa wa gas, bai taɓa tsimuwa ba, irin wanda ake fasawa a bukukuwan aure a nan Kaduna. Na biyu giya ce cikakkiya da aka gama yi, sannan aka sa na'ura ta zare barasar, kuma doka ta yarda a bar har kashi 0.5 cikin 100. Tarayyar Turai ta amince a 2021 a riƙa sayar da ita da sunan giyar da aka cire wa barasa, kuma kasuwarta na bunƙasa.

Na farkon ba a gardama a kansa. Na biyun kuwa, majalisar fatawa ta Malesiya ta hana shi, bisa hujjar cewa abin da aka bi hanyar yin giya aka yi shi haram ne ko an zare barasar. Wasu malaman suna duba sakamako ne, su ce tunda ba ya bugarwa komai yawansa, hukuncin ya sauya. Mai son kauce wa saɓanin tambaya ɗaya zai yi: wannan ya taɓa tsimuwa ko bai taɓa ba?

Tarihin da ba a cika faɗa a ɗakin ɗanɗano ba

Tunda Afirka ta Kudu na cikin wuraren da 'yan Najeriya ke cin karo da wannan yawo, ya kamata a san ƙasar da ake takawa. Jan van Riebeeck, wakilin kamfanin cinikin Holan, ya rubuta cewa an fara matse giya daga inabin Cape ranar 2 ga Fabrairu, 1659. Gwamna Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679 da gonar Constantia a 1685, Faransawa 'yan gudun hijirar addini kuma suka iso a 1688 suka zauna inda ake kira Franschhoek yanzu. Wannan ɓangaren ɗan rakiya zai faɗa maka da murmushi.

Waɗanda suka haƙa ramukan, suka yi girbin, suka gina fararen gidajen da ake ɗaukar hoto gabansu, bayi ne da aka kwaso daga Indonesiya, Indiya, Madagaska da Mozambik. Da yawa daga cikinsu Musulmi ne, kuma tare da malaman da Turawan Holan suka koro daga ƙasashensu, su ne tushen al'ummar Musulmin Cape. An kawo Shehu Yusuf na Makassar da ke Indonesiya a 1694 aka ajiye shi a gonar Zandvliet, ya rasu a 1699, kuma kabarinsa na nan ba nisa da hanyar Stellenbosch. A cikin kwarin Constantia kansa akwai hubbaren waliyyai a gefen gonakin inabi. Masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap, na farko a ƙasar, an kafa shi a 1794.

An soke bauta a 1834, amma wani abu ya gaje ta. Masu gonaki suka ci gaba da biyan leburori wani kaso na ladansu da giya, a ba su safe, rana da yamma. An haramta tsarin a farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990. Illarsa ba ta gushe ba: lardin Western Cape na cikin wuraren da aka fi samun yaran da aka haifa da lahanin ƙwaƙwalwa saboda uwa ta sha barasa da ciki, a duk duniya. Baƙon da ya je Cape Town yana da yini guda na hutu, kuma yana son sanin yankin, wannan hanya ta hubbare da Bo-Kaap a buɗe take, akwai Musulmin garin da ke kai mutane, kuma kwari ɗaya da tsauni ɗaya zai gani da waɗanda suka tafi ɗanɗano.

A arewacin nahiyar ma mulkin mallaka ne ya yaɗa sana'ar. Wajen 1960 Aljeriya, ƙasar Musulmi, ita ce ta fi kowace ƙasa fitar da giyar inabi, saboda Faransawan da suka mamaye gonakinta. Bayan 'yanci a 1962 kasuwar ta rushe, aka tumɓuke gonaki masu yawa a zamanin Houari Boumediene.

Manomin Kudan fa?

Jihar Kaduna tana da nata inabin. A ƙaramar hukumar Kudan, wajen Hunƙuyi, manoma sun rungumi noman inabin ci, kuma yana shiga kasuwannin Zariya, Kaduna, Kano da Abuja. Wannan ya sa wasu ke kafa hujja da cewa ziyarar gonakin Turai neman ilimi ce da za ta amfani manomanmu.

Hujjar tana da rauni ta fuskar noma ma, kafin a zo addini. A Bordeaux ko Tuscany itacen inabi yakan zubar da ganye ya yi barci a lokacin hunturu, ya farka da bazara, a yi girbi sau ɗaya tsakanin Agusta da Oktoba. A Cape, da ke kudancin duniya, girbin kan kama daga ƙarshen Janairu zuwa Afrilu. Mai noman inabin giya ma da gangan yake rage yawan 'ya'ya don ɗanɗanon ya yi ƙarfi. A ƙasa mai zafi irin tamu babu sanyin da zai sa itacen barci, sai manomi ya yi masa aski da kansa ya tilasta masa hutu, ya daidaita lokaci yadda 'ya'yan za su nuna da rani, don damina na kawo funfuna da ruɓewa. Matsalolin manomin Kudan su ne ruwan rani, ƙarafa da wayar da itacen ke hawa, maganin funfuna, tsuntsaye, da ɗakin sanyin da zai ajiye kaya kafin su lalace a hanya.

Waɗanda suka warware irin waɗannan matsaloli ba a Faransa suke ba. Suna Nashik a jihar Maharashtra ta Indiya, inda ake yi wa inabi aski sau biyu a shekara ana fitar da shi har Turai. Suna kwarin São Francisco a arewa maso gabashin Birazil, wajen Petrolina, wanda kusancinsa da layin ikwaita da ya raba duniya kudu da arewa ya yi kusan daidai da na Kaduna, inda ban ruwa ke ba su girbi biyu a shekara. A Afirka ta Kudun ma, inabin ci a kwarin Hex da bakin kogin Orange ake nomansa, ba a hanyar giya ba. Turkiyya kuma, wajen Manisa, ta shahara da busar da inabi ya zama zabibi, abin da zai iya ceto manominmu daga asarar abin da bai sayu ba. Idan gwamnati ko ƙungiyar manoma za ta kashe kuɗin tafiya, can ya kamata ta nufa.

Akwai wata mas'ala da za ta iya zuwa ƙofar manoman nan idan noman ya bunƙasa. Malikiyya da Hanbaliyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, ko da yake ɗanyen inabin halal ne. Ranar da kamfani ya zo da tayin sayen girbi gaba ɗaya, tambayar me za a yi da shi za ta zama wajibi.

Kafin a biya kuɗi

Yawancin matsalar a teburin ejan tafiye-tafiye ake iya kashe ta. Tafiyar hutun da aka ɗaure a dunƙule takan ɓoye wannan rana ƙarƙashin suna mai daɗi, kamar yawon ƙauye ko ziyarar gidajen tarihi. A nemi jadawalin kowace rana a rubuce, a tambaya ko akwai ɗanɗano, a nemi a cire kuɗinsa ko a musanya ranar. Mutumin da ya biya Yuro 90 kuɗin bizar Schengen ta shiga ƙasashen Turai kaɗai, ban da tikitin jirgi da otal a wannan tsadar canji, yana da haƙƙin ya san me ya saya. A Cape Town musanyar ba ta da wuya: Tsibirin Robben inda aka tsare Nelson Mandela, dutsen Table, lambun Kirstenbosch. A Italiya akwai gidajen man zaitun da na cuku da ake zagayawa da baƙi kamar yadda ake yi a na giya.

Idan taro ne, fom ɗin rajista kusan kullum yana da gurbin bayanin abinci. A rubuta a nan cewa ba a shan barasa, ba a cin alade, ba a cin abin da aka dafa da giya, kuma a sanar da mai shirya taron tun da wuri cewa ba za a je yawon ɗanɗano ba. A ƙasashen nan ba baƙon abu ba ne, don suna da masu juna biyu, direbobi, da waɗanda suka daina sha bisa shawarar likita, kuma ba a tambayar dalili. Abin da ke jawo jin kunya shi ne a yi shiru har a zauna, a zuba, sannan a fara ture kofi gaban mai masauki.

Wanda zai biyo ta Jidda ko Madina a hanyar dawowa, ko zai haɗa tafiyar da Umara, ya sani cewa shiga Saudiyya da barasa laifi ne mai hukunci, ko da a cikin akwatin da wani ya ba shi saƙo ne. Gidajen gonar sukan raba ƙananan kwalabe cikin jakar kyautar taro, tare da alƙalami da littafin rubutu, don haka a zazzage jakar a duba kafin a rufe akwati.